Labulen da Ya Gagari Ragunan Wirranook

Duk wanda ya ce muku ban san ƙwallo ba, ku tambaye shi ko shi an taɓa korarsa daga bakin fili saboda yawan sani. Ni an kore ni, ba sau ɗaya ba. Sunana Clarrie Dunstan, noman alkama da kiwon tumaki ne sana'ata, kuma tun ina da gashi a ka nake ajiye motata a jikin shingen filin Wirranook kowace Asabar ta hunturu, hancinta na kallon 'yan wasa, hannuna na kan hon. In ƙungiyarmu, Raguna, ta zura ƙwallo tsakanin sanduna, in danna. Ƙwallon ƙasarmu nake nufi, wadda ake cafewa da hannu a buga da ƙafa, mutum goma sha takwas a kowane gefe. A 'yan shekarun nan hon ɗin har tsatsa ya yi.

Bana kuwa abin ya wuce misali. Kowa muka buga da shi sai ya lallasa mu. Har mutanen Boolara, waɗanda sai sun haɗa da malamin makaranta da direban motar madara kafin su cika goma sha takwas, sun yi mana dukan kawo wuƙa. Ni na san ciwon, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Na faɗa wa koci, na faɗa wa alƙalin wasa, na faɗa wa matan da ke sayar da shayi a kantin fili. Yaranmu ba sa shiga. Ƙwallo tana ƙasa, maimakon mutum ya sunkuya ya sa kai ya ɗauko abarsa, sai ya tsaya yana leƙenta kamar kaza ta ga maciji.

Wanda ya fi kowa shan bakina shi ne ɗana Rohan, kaftin ɗin ƙungiyar. Shekararsa talatin da takwas, gwiwarsa ta hagu ta gama aiki, in zai hau tarakta har ƙararta kake ji. Likita ya sa masa ranar tiyata a satin da ke biye da rufe kakar wasa, ya kuma gaya masa daga nan shi da ƙwallo sai kallo. To wasan ƙarshe na bana shi ne zai cika masa wasa ɗari uku cif. A ɗakin taron ƙungiya akwai allon katako da ake rubuta sunan duk wanda ya kai ɗari uku da ruwan zinare, kuma tun kafuwar garin mutum huɗu ne a kai. Rohan ba mai magana ba ne, amma na sha kama shi yana kallon allon nan, kofi a hannu. Don shi yake ɗaure gwiwa yana fita cikin sanyi. Mu ne na ƙarshe a gasar, babu wani wasa bayan wannan, saboda haka ko ya buga ranar, ko sunansa ba zai taɓa hawa allon ba.

Ana saura sati biyu na gano ainihin abin da ke kayar da mu. Labule ne. Glenys Hargreave ce ke haɗa mana ƙaton labulen takarda da 'yan wasa ke ɓarkewa a guje su shigo fili, ita da ƙawayenta, da takardar ado da salatif, tun Rohan na rarrafe. Ran nan ana ɗaga shi a kan sanduna iskar yamma ta zo ta tsarge shi gida biyu. Yaranmu suka fito suka ratsa ta cikin tsumma suna sunkuyar da kai, muka sha kashi yadda muka saba.

Ranar Alhamis bayan atisaye, ana cin abinci a ɗakin taro, na miƙe na buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, na gano cutar."

"Wayyo, ya sake ganowa," in ji Merv Tolhurst, maƙwabcin gonata, abokin faɗana tun firamare. "Wancan satin takalma ne. Kafin nan ciyawar fili."

"Takalman ma ban janye ba. Amma ku gaya mini, ƙungiyar da iska ke riga ta ɓarke labule, wa zai ji tsoronta? Tun ba a busa jiniyar fara wasa ba an gama da mu."

Glenys ta ajiye wuƙarta. 'Yar ƙaramar mace ce, amma ko karen gona ba ya son ta dube shi ta saman tabarau.

"Clarrie, takarda ce. Don ta yage aka yi ta."

"A hannun mutum, Glenys, ba a hannun iska ba."

"To tashi ka je ka faɗa wa iskar."

"Ranar ɗari ukun ɗana ba za a ɗaga tsumma ba. Ni zan yi labulen. Wanda za a hango daga babban titi."

"Ka taɓa yi?"

"Ni da na kafa rumfar tumaki da hannuna?"

"Wadda ta faɗo wa tumakin a ka?" in ji Merv.

"Ƙasa ce ta zauna, kai ma ka sani."

Rohan ya ɗago daga kan farantinsa. "Baba, don Allah ka bar wa Glenys kayanta. Ni dai a fara wasa ina cikin fili, shi ke nan buƙatata."

"Ai matsalarku ke nan, ƙaramin buri. Shi ya sa kowa ke taka ku."

Matarsa Tamsin tana gefensa. Nas ce a asibitin gundumar, kuma ita ke duba 'yan wasanmu in sun ji rauni. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai nuna ni da cokali. "Clarrie, in wani abu ya taɓa mini miji ranar nan, ni da kai ne."

Glenys ta buɗe jakarta ta ciro ƙunshin salatif ta gangaro mini shi a kan tebur. "Ga shi nan, gwani. Ni ranar a mota zan zauna, in zuba shayina, in sha kallo."

Dabarata kuwa, ko yanzu in na tuna ta sai na yaba wa kaina. Akwai tamfol ɗin da muke rufe tsibin alkama da shi bayan girbi, wanda ko ƙanƙara ba ta huda shi. Na yanko faffaɗa, na liƙe shi da takardar ado gaba da baya, shuɗi da fari, yadda kowa zai ɗauka takarda ce zalla. A tsakiya na tsaga ƙofa daga sama har ƙasa, na ɗinke ta da igiyar ɗaurin ciyawa, irin ɗinkin buhu da in ka ja bakin zaren sai ya zare gaba ɗaya. Iska ta yi ta bugu, ba abin da zai same shi. 'Yan wasa na isowa in ja igiya, ƙofa ta buɗe, su keta takarda su wuce.

Merv ya zagaya shi sau biyu yana sosa wuya. "In ba ka ja ba fa?"

"Me zai hana ni ja? Hannu ne ba ni da shi?"

"Hannu kana da shi. Bakin ne nake tsoro."

Muka fito da shi bayan rumfar askin tumaki don gwaji, ni a sanda ɗaya, Merv a ɗaya. Muna ɗagawa iska ta cika shi tim. Ni da na san abin da nake yi na saki tawa sandar. Merv, da yake mutum ne mai taurin kai, ya riƙe. Sai ga Merv yana tafiya ba da son ransa ba, dugadugansa na huɗa a gonata, yana kiran sunana da wasu sunaye da ba zan maimaita ba, har labulen ya kai shi tafkin da tumaki ke shan ruwa ya ajiye shi a ciki. Ya fito da taɓo har wuya.

"Ka ga ƙarfi ko?" na ce. "Ko ɗinki ɗaya bai tsinke ba."

"Ni na tsinke!"

"Kai ba a filin za a ɗaga ka ba."

Washegari, bayan na sake liƙa takarda, muka ɗaure sandunan a jikin tarakta da motar Merv, na ce a gwada ƙofar da abu mai rai. Merv ya koro wani tsohon ragona mai ƙaho kamar sitiyari, karnuka na bin sa. Ina tsaye ta ɗaya ɓangaren, igiya a hannu. Rago ya taho, na ja, ɗinki ya zare fiii, ƙofa ta wangale, rago ya keto takarda ya fito kamar harsashi. Abin da ban lissafa ba shi ne inda zai nufa bayan ya fito. Na kwana uku ina cin abinci a tsaye. Amma dabara ta yi aiki, kuma Merv shaida ne, ko da yake dariya ta hana shi ganin rabin abin.

Saura zane. Na ɗauko fentin da muke yi wa tumaki alama na zana fuskar Rohan a tsakiya, ƙatuwa, da lamba ɗari uku a samanta. Mai kawo mana man tarakta ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko gasar dabbobi za mu je.

"Ɗana ne."

"Au! To... ya yi kama da kai."

Ranar Asabar garin kaf ya fito. Mutanen Boolara ma, da su za mu sake karawa, sun cika ɗaya gefen. Motoci sun zagaye fili ba masaka tsinke, yara a kan rufin mota cikin barguna, hayaƙin nama na tashi daga kanti. Na shigo da labule a kan babbar motar alkama, sandunan sun zarce ta baya. Wajen juyawa ɗaya ta ɗauke rumfar kanti da tiren nama guda, karnukan garin suka yi biki. Matan kanti suka biyo ni da ludayi.

"Ku yi haƙuri, aikin ƙungiya ne!"

"Ƙungiyar uwaka, Clarrie! Wa zai biya naman?"

Na ce a yi maganar bayan mun ci wasa. Suka ce ashe ba ranar biya ke nan.

Maza takwas na sa a kowace sanda, duk masu askin tumaki, masu damatsa. Suka ɗaga. Iskar yamma ta taso da ƙarfinta, irin wadda ke tuɓe wa mutum hula ta kai ta wata gona, ta daki labulen nan. Ko gezau. Ta sake dukansa, ya yi ƙara kamar ganga, ya tsaya ƙyam. Sai hon ya kaure ko'ina, har da na mutanen Boolara. Kai, ranar na ji daɗin duniya. Na cire hula na ɗaga wa jama'a. Na juya wajen motar Glenys na ɗaga mata ita ma. Ta ɗaga mini kofin shayi.

Na koma bakin labule na naɗe igiya a hannu. Daga ɗakin canza kaya ana jin yaranmu suna ihu suna buga ƙafa, sun kusa fitowa. Merv yana jikin sanda yana ce mini, "Ido a kan ƙofa, Clarrie. Ido a kan ƙofa."

Sai wani ƙaton mutumin Boolara, mai jan ƙyallen ƙungiyarsu a wuya da burodi a hannu, ya jingino da shinge ta bayana.

"Tsoho, labulenku ya fi ƙungiyarku kyau. Wancan zanen na gurgun nan ne, kaftin ɗinku?"

Na yi kamar ban ji ba.

"An ce ɗari uku ya buga. Ɗari uku na gudun ƙwallo! Ai har a garinmu mun ji labari, ubansa ma da bakinsa yake cewa matsoraci ne, ba ya shiga."

Jama'a, kun san akwai maganar da kai kaɗai ke da ikon faɗinta. Na juya.

"Kai, zo nan. Wa ka kira matsoraci?"

"Ubansa ne ya faɗa."

"Ni ne uban! Kuma ƙarya nake yi! Kana ina shekarar da ya buga da karyayyen haƙarƙari a filinku, ya zura muku biyar? Kana ina ranar da ya tashi sama ya taka kafaɗar dogon nan naku ya cafe ƙwallo, har jaridar gunduma ta buga hoton? Yaron da ke tashi da asuba ya ba tumaki abinci, ya ɗaure gwiwa da hannunsa, ya zo ya tsaya gaban yara sa'o'in 'ya'yansa? Duk Boolara in an tara ku an matse, ba za a sami rabin zuciyarsa ba!"

Magana irin wannan ba a yinta da hannu ɗaya. Ban san sanda na saki igiya ba, na dai san yatsuna biyu suna gaban hancin mutumin. Na ji Merv yana kiran sunana, na ɗaga masa hannu alamar ya jira, don ban kai ƙarshen zancen ba. Na ga idon mutumin ya bar kaina ya koma bayana, bakinsa ya buɗe, burodin ya faɗi.

Sai na ji tim!

Daga baya waɗanda suka gani suka ba ni labari dalla-dalla, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Rohan ne a gaba, shi kaɗai, kamar yadda ake yi wa mai ranar. Ya taho da iyakar gudun da gwiwar nan za ta iya, ya sunkuyar da kai, yadda na shekara ashirin ina yi masa ihu ya yi. Ya daki tamfol da goshi. Tamfol ya lotsa, ya dawo da shi. Bayansa kuwa sauran ƙungiyar ce gaba ɗaya a guje, ba mai birki. Na gaba ya komo, na baya ya taho, suka haɗu a tsakiya, suka zube a gindin labule, ƙafafu a sama, Rohan a can ƙasa. Masu askin tumaki kuwa, da na ce musu kome ya faru kada su saki, ba su saki ba.

Fili ya yi tsit. Na sunkuya na lalubo igiya na ja. Ɗinki ya zare fiii, ƙofa ta wangale tsaf, daidai yadda na tsara. Wani karen da ya ƙoshi da naman kanti ya bi ta ciki ya shiga fili yana kaɗa wutsiya.

Sai dariya ta fashe daga gefen Boolara, ta zagayo. Wani ya danna hon, saura suka bi. Shekara da shekaru ina jiran in ji hon irin wannan a filinmu.

Tamsin ce ta fara isa, da jakarta. Aka ɗaga mutane ɗaya bayan ɗaya, wannan na riƙe da hanci, wancan na neman takalmi. Rohan ya tashi zaune yana murmushi, goshinsa shuɗi da fenti.

"Rohan, kalle ni. Yau wace rana ce?"

"Kirsimeti?"

"Ina ne nan?"

Ya dubi fili, ya dubi jama'a. "Kasuwar tumaki?"

Dariyar ta mutu a gefenmu. Kowa ya san ƙa'ida, wanda ya bugu a ka ba ya taka fili. Koci ya durƙusa gaban Tamsin har gwiwa.

"Tam, minti ɗaya. Ya tsaya can ƙarshen fili, a fara wasa, mu fito da shi. Ko a kan kujera ne."

Kaftin ɗin Boolara ma ya matso ya ce sun yi alkawari ba mai zuwa kusa da shi.

"Ƙwallon ma ta yi alkawari?" in ji Tamsin. Hawaye na zuba a fuskarta, amma muryarta ba ta rawa. "In ya sake buguwa yau, ku za ku ba shi abinci a baki har ƙarshen ransa? Ba zai shiga ba. Ni na fi kowa sanin abin da allon nan yake a wurinsa, kuma na ce ba zai shiga ba."

Aka kama shi aka nufi mota. Suna fita ƙofar fili aka busa jiniya, alƙali ya doka ƙwallo a ƙasa, aka fara wasa ba Rohan. Ina tsaye da igiya a hannu, ba wanda ya zage ni, kuma na so a ce an zaga. Glenys ta sauke gilashin motarta.

"Iska dai ba ta yaga shi ba, Clarrie. Barka."

Na bi su asibiti. An kwantar da shi a ɗaki mai taga, rana na shigowa, an ce zai warke, hutu kawai yake buƙata. Tamsin tana zaune a kujera ta harɗe hannu, ko kallona ba ta yi ba. Na tsaya a bakin gado ina murza hula.

Rohan ya buɗe ido. "Baba! Ka zo. An tashi wasan?"

"An... an kusa."

"Ban tuna kome ba. Ya na buga?"

Na dubi Tamsin. Ta kawar da kai wajen taga.

"Ka buga, ɗana. Ka buga wasan da ban taɓa ganin irinsa ba. Biyu ka ci."

"Haba dai? Kai ka faɗi haka?"

"Ni na faɗa."

Ya yi dariya, ya lumshe ido. Ba a jima ba ya sake buɗewa, ya gan ni kamar yanzu na shigo.

"Baba! Ka zo. Ya na buga?"

Wata nas da ke wucewa ta raɗa mini cewa haka abin yake, zai yi ta maimaita tambaya har kansa ya dawo daidai. Na ja kujera na zauna. A karo na biyu uku ya ci, ɗaya da ƙafar hagu. A na uku ya cafe ƙwallo a kan mutum biyu. Kowane karo sai ya ce, "Kai ka faɗi haka?" da fuskar yaro ɗan shekara goma.

Da ya ɗan yi barci Tamsin ta taso ta tsaya a kaina.

"Gobe hankalinsa zai dawo, Clarrie. Zai tambayi gaskiya. Ba ni zan faɗa masa ba, ba koci ba. Kai za ka zauna a kujerar nan ka faɗa masa da bakinka."

"Na ji."

"Duka. Har da tamfol."

"Na ce na ji, Tamsin."

Gado ya motsa. Rohan ya juyo, idonsa ya sauka a kaina, fuskarsa ta washe.

"Baba! Ka zo. Ya na buga?"

Na share ido da hula, na matso da kujera kusa da shi.

"Gyara kwanciya ka ji," na ce. "Shida ka ci."